Tanti, wata huɗu ban taka majami'a ba, kuma ƙarya nike ma Innata

Tanti barka da aiki. Ni ɗalibi ne ga jami'a nan Maradi, shekara ta biyu, karatun aikin gona nike. Daga wani ƙauye nike bayan Tsibiri, babana mai bishara ne, cikin majami'a na tashi, tun ina yaro ni ke kaɗa ganga ga koral. Shekarar farko da na zo birni ban taɓa fashin sujada ba, amma bana komi ya rikice man. Kur, wato darasi, daga ƙarhe 8 har yamma, ga TP, wato aikin gwaji a aikace, cikin rana, kuma saboda shekarar karatu ta yi jinkiri wasu malamai na sa muna ramuwar darasi ran Asabar, wani lokaci hadda Lahadi da sahe. Da dare ina taya wani ɗan uwanmu tsaron shago don in samu na haya da na abinci, tunda bursi ba kullum take zuwa kan lokaci ba. Yau wata huɗu kenan ko sau ɗaya ban je majami'a ba. Littafi Mai Tsarki nawa na ƙarƙashin takardu ya yi ƙura. In na duƙa addu'a da dare sai dai in farka da sahe ban kai ga amin ba. Shugaban koral ya rubuta cikin grup ɗinmu na WhatsApp gaban kowa wai boko ya cinye wasu, kowa ya san da ni yake. Inna kuma duk Lahadi da yamma sai ta kira ta ce ka je sujada? in ce na je, har nassin da anka karanta nike ƙirƙiro mata. Abin da ya hi ci man rai shi ne abokin ɗakina Musulmi ne, aji guda muke, aikinmu guda, amma shi salla ko ɗaya ba ta wuce shi. In ya shimhiɗa darduma sai in ji kamar in nutse. Tanti na ja da baya ne? In bar shagon ne, ko in haƙura da majami'a sai na gama lisans, wato digirin farko?

Ɗanki, daga Maradi

Ɗana, sannu da ƙoƙari, kuma na gode da ka rubuto. Na karanta takardarka sau biyu, na biyun da biro a hannu ina lissahin awoyinka, kuma abin da na samu shi ne mutum mai kur daga 8 zuwa yamma, ya wuce shago har dare, ya dawo ya buɗe kaye, in barci ya sace shi a duƙe gaban katifa ba abin mamaki ba ne. Jiki ne, ba ƙarhe ba. Wanda ya ja da baya na gaskiya ba ya rubuta takarda irin wagga, ba ya ma lura littahinshi ya yi ƙura. Kai abin na cizonka, to wannan cizon ka riƙe shi da kyau, alama ce akwai rai.

Tunda aikin gona kake karantawa bari in yi maka magana da harshen da za ka gane hiye da ni. Ka san sassaben zamani, ƙila ma kun yi shi ga TP. Nan yankin namu na Maradi abin ya samo asali, wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, rannan ya tsaya kan hanya ya duba 'yan tsirran da ke cikin gonaki waɗanda kowa ke ɗauka ciyawa ce a sassabe a ƙone, ya ga ashe kututturan itace ne, saiwarsu na nan da rai ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara suna tohowa ana sarewa. Maganin bai zama a kawo sabon dashe daga nesa ba. Kututture guda ya hiddo tsirrai ashirin, sai manomi ya zaɓi 'yan kaɗan masu ƙarhi ya bar su, ya datse sauran don ruwan saiwar ya tahi wuri guda. Da wannan ne kalgo da sabara da gawo sunka dawo gonakin mutane, har ana lissahin hekta wajen miliyan 5 cikin ƙasar nan. To kai ma saiwarka na nan, babanka da Innarka sun dasa ta tun kana kaɗa gangar da ta hi ka tsawo. Matsalarka ka ɗauka in ba ka raya tsirrai ashirin ɗin nan duka ba, wato koral da gwajin waƙa sau biyu ga sati da taron matasa da addu'ar tsakiyar mako da kwanan addu'a da sujadar Lahadi, to itacen ya mutu. Da ka ga ba ka iya duka sai ka saki duka. Ni kuwa cewa nike ka zaɓi biyu ko ukku ka riƙe, sauran ka datse da hannunka ba tare da jin laihi ba, har Allah ya kai ka ƙarshen semestir.

Tsiro na farko shi ne sahiya, ka manta da dare. Dare ba naka ba ne yanzu, na shago ne da gajiya. Kuma Allah ya ba ka agogo kyauta cikin ɗakinka ba ka sani ba. Wannan abokin naka da kake jin kunya in ya shimhiɗa darduma, ka san mi ya sa salla ba ta wuce shi? Ba don ya hi ka tsoron Allah ba, ni ban shiga zuciyar kowa ba, amma shi ba ya zama yana shawara da kanshi yaushe zan yi, lokacin a yanke yake, ladan ya kira, gari duka ya tashi, ga buta ga masallaci kowace kusurwa. Mu kuwa 'yan kaɗan ne, ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba mu cika ko kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, babu mai kiranka da lasifika, in ba ka yanke ma kanka lokaci ba babu wanda zai yanke maka. To ka ari nashi. In anka kira asuba ya tashi alwala, kai ma tashi zaune, ka wanke ido, ka kunna hitilar waya, minti goma sha biyar. Shi ya huskanci gabas ya yi tashi, kai ka buɗe littahinka ka yi taka. Ni na yi zaman ɗaki da wata Hajiya shekaru da dama da sunka wuce muna wani kwas, ita ce ke taɓa ƙafata da asuba ta ce tashi ki yi naki, har yau ina sa mata albarka. Ka gaya mashi gaskiya ka ce don Allah in ka tashi ka tada ni, zan yi mamaki in ya ƙi, yawancin mutanenmu sun hi ganin girman wanda ke riƙe da addininshi bisa wanda ba ya komi. Yesu da kanshi, duba Markus 1:35, tun da sauran duhu ya tashi ya hita wurin da ba kowa ya yi addu'a, kuma in ka karanta ayoyin da ke kahin wannan za ka ga jiya da daddare gari duka ne ya taru bakin ƙofa da marasa lahiya. Shi ma ranar tashi cike take.

Kada ka ce za ka rama wata huɗu cikin sati guda, nan ne yara ke faɗuwa. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne, wanda ya ce sai ya gama shi bana ga TP ga shago, kahin ya kai Littahin Firistoci ya aje. Ɗauki Markus, sura 16 ce kawai, gajeru, labari na gudu, sura guda kowace asuba cikin kwana 16 ka gama. Ran da ka makara ko akwai egzame ƙarhe 8, buɗe Zabura 117, aya biyu ce, ka karanta ka ce Ubangiji ga ni, ka san yau, ka tahi. Ya isa. Kuma ka sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa mai murya cikin wayarka lokacin da kake da mega, akwai shi ga manhajoji irin su YouVersion da Bible.is, in kana tahiya ƙasa zuwa amfi, babban ɗakin darasi, ko shago ya yi shiru bayan isha ka sa abin kunne guda ka bar ɗayan don mai sayen sukari. Kakanninmu na Tsibiri da yawansu ba su iya karatu ba lokacin da cikakken Littafi Mai Tsarki ya hito da Hausa cikin 1932, da kunne sunka karɓe shi, wani ya karanta goma su saurara, kuma bangaskiyarsu ce ta kawo mu nan.

Tsiro na biyu jama'a. Nan ba zan lallashe ka ba ɗana, maganar in haƙura da majami'a sai na gama lisans ban yarda da ita ba ko kaɗan. Lisans semestir shida ne, kana na ukku ko na huɗu, kuma kai ka san yadda shekarar karatu ke ja, shekara ukku ta takarda na iya zama huɗu. Bayan nan ga bautar ƙasa ga neman aiki ga aure, lokacin da kake jira ba ya zuwa, na ga mutane da yawa sunka ce sai sun gama, yanzu gemunsu ya yi hurhura. Garwashi guda in ka hidda shi daga murhu ka aje gefe, kai da ka sha dafa shayi ga fada ka san minti nawa yake yi. Amma jama'a ba dole sai ƙarhe 9 na sahen Lahadi cikin gini ba. Ka duba, ran Juma'a wajen ƙarhe ɗaya makaranta na watsewa kowa ya nuhi masallaci, ba malamin da zai sa kur lokacin nan. Awa guda ce da ba ta kowa ba. Ka nemi 'yan uwa Kirista biyu ko ukku, na tabbata ba kai kaɗai ba ne, akwai 'yan Zinder da Dogon Dutsi da Galmi, akwai 'yan Benin da Cadi da ke karatu nan, ku zauna ƙarƙashin dogon yaro ku karanta sura guda ku yi ma juna addu'a ku watse. Ka tambaya kuma ko 'yan GBU na taruwa, wato ƙungiyar ɗalibai masu nazarin Littafi Mai Tsarki, 'yan Katolika kuma suna da tasu ƙungiyar ɗalibai mai suna JEC, su duka ɗalibai ne kamarka, sun san mi ake nuhi da satin egzame, ba mai yi maka habaici. Lahadin da ba kur kuwa ka je sujada ko da a makare ne, ko da bencin baya ne, ko da kana gyangyaɗi. In majami'arku ta yi nisa kuɗin kabu-kabu ya zama matsala, shiga wadda ke kusa da ɗakinka, ka gaya ma fastonku don kada ya ji ga bakin wani.

Maganar kur ran Lahadi, ka yi ma malaman nan adalci kaɗan. Yawanci ba da gayya ba ne, wani malamin baƙo ne ya zo daga Yamai ko daga wata ƙasa, kwana goma gare shi ya zuba darasin semestir duka ya koma, kuma in ya dubi aji ya ga kusan kowa Musulmi ne ko tunanin Lahadi ba ya zo mashi. Wanda bai sani ba sai an gaya mashi. Kada ka tashi tsakiyar amfi ka yi gardama, ka bi ta hannun delege, wakilin ajinku, ku je ku biyu ko ukku da ladabi ku ce Malam muna da sujada da sahe, in da hali a maida shi ƙarhe 11 ko bayan la'asar. Ka tuna Daniyel, shi ma ɗalibi ne, shekara ukku anka yanke masu ta koyon harshe da littattahan Babila, daidai da lisans ɗinka, kuma da abincin sarki ya zame mashi matsala bai yi tawaye ba, wajen mai kula da su ya je ya roƙa a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa. Roƙo ya yi, da dabara. In an karɓa to madalla. In ba a karɓa ba ka shiga kur ɗinka da zuciya guda, ba zunubi ka yi ba, karatun nan amana ce, hatsi nawa babanka ya saida kahin ka zo nan? Ka nemi taron yamma, ko ka riƙe na Juma'ar nan.

Sai shugaban koral. Abin da ya yi bai kyauta ba, ba a gyara ɗan uwa cikin grup, Matiyu 18:15 ta ce ka je ka same shi ku biyu kaɗai, kuma shi ya kamata ya hi ka sanin wannan. Amma sa kanka wurinshi minti guda. Mai ganga ya ɓace wata huɗu ba sallama ba saƙo, Lahadi ta zo mata sun tashi waƙa ba mai riƙe masu kiɗa, ƙila ya kira ka ba ka ɗauka ba don kunya (ka ɗauka? ban ji ka faɗa ba). Haushi ne ya yi magana. Kada ka maida mashi cikin grup, kada kuma ka hita grup ɗin cikin hushi. Ka same shi gida ko bayan sujada ka ce Yaya na yi laihi da na ɓace ban faɗa ba, ga halin da nike ciki, ba zan iya gwajin waƙa ba sai bayan egzame, amma ga wani yaro in koya mashi ganga cikin hutu. Sannan ka ƙara da cewa maganar grup ta yi maka zahi, a hankali, sau guda. Koral ɗin nan na cikin tsirran da nike cewa ka datse yanzu. Na san zai yi maka ciwo don hannunka ya saba, amma ganga ba ta gudu, tana nan rataye.

Shago kuwa kada ka bari. Yunwa ba ta taimakon addu'a, kuma wanda mai gida ke ƙwanƙwasa ma ƙofa kan kuɗin haya ba ya gane Markus ba ya gane kimiyyar ƙasa. Abin da za ka nema ga ɗan uwan nan naku dare guda ne cikin sati, daren Asabar, ka tashi daga shagon da wuri ka yi barci kamar mutum. In ya ce sai ya rage maka wani abu, lissafa ka gani ko za ka iya ɗauka. In ba ya yiwuwa ko kusa, to ka nemi ya sake ka awa guda kahin lokacin ruhewa. Kuma ka bincika wayarka da gaskiya, akwai wurin da take nuna awa nawa ka yi ga TikTok da Facebook da ƙwallon Turai. Ban ce kana ɓata lokaci ba, ban san ka ba, amma duk yaron da na sa ya duba sai ya yi 'yar dariya ya sosa ƙeya.

Na bar Inna daga ƙarshe don ita ce babba, kuma ina jin ita ce ainihin abin da ya hana ka barci, ba koral ba. Rashin zuwa majami'a gajiya ce da matsi, wannan ana gane shi. Ƙirƙiro nassi kuwa ƙarya ce, kuma ita ce ke sa in ka duƙa bakinka ya yi nauyi, don mutum ba ya iya yi ma uwarshi ƙarya da yamma ya zo da dare ya saki jiki gaban Ubangiji. Kuma bari in gaya maka wani abu a matsayina na uwa, da wuya in ba ta sani ba. Matar mai bishara ce, shekara nawa tana jin wa'azi, ta san muryar ɗanta in ya je ta san in bai je ba, ƙila ma wani ɗan ƙauyenku da ya zo cin kasuwar Litinin ko ta Juma'a ya riga ya kai labari. Tambayar da take maka duk Lahadi ƙofa ce take buɗe maka tana jira ka shigo. Tsoronta ba wai ka yi fashin sujada ba ne, tsoronta birni ya ɗauke mata ɗa, ko wata yarinya, ko abokan banza, ko ka bar hanya gaba ɗaya kana ɓoyewa. In ka gaya mata gaskiya, cewa karatu ne da shago da gajiya, wallahi sauƙi za ta ji ko da ta yi faɗa da farko. Za ta yi faɗan, ƙila ta yi kuka, ka yi shiru ka saurara kada ka kare kanka. Babanka kuma ka bar mata ta san yadda za ta shigar mashi da maganar, ta hi ka sanin lokacin da ake gaya mashi abu.

Kada ka jira ta kira. Ran Lahadin nan da la'asar ka sa kredi ko na dala ashirin ne, kai ka kira, bayan gaisuwa ka ce Inna akwai maganar da nike so in gaya maki, ki gafarce ni. In kun gama ka roƙe ta abu guda, duk Lahadi maimakon ta tambaye ka ka je, ta gaya maka nassin da Baba ya karanta can ƙauye, kai kuma ka gaya mata surar Markus da kake kai, ku yi addu'a ta minti biyu cikin waya kahin kredin ya ƙare. In ka kai sura ta 16 ka rubuto man in ji ƙaƙa kunka ƙare da ita, da abin da delege ya samo wajen malamin. Ka gaida man abokin ɗakin naka.

Tantinku